Lambar da Na Buga a Injin Hamza

Yanzu kuma sai maganar motar nan, wadda na san ita kuke jira tun da kuka ji na fara rubutu. Kun ji ta a bakin kawunku Faisal, kun ji ta a bakin matan unguwar Ruwais, ke Hadiza har da kuka kika taɓa dawowa daga wani biki saboda an kira ki 'yar ɓarawon inji. Bakina ne kaɗai ba ku ji ba. Da gangan na rubuta da Hausa, ko da yake na san sai kun yi ta tuntuɓe kafin ku kai ƙarshen shafi. In na faɗe ta da Larabci, harshen da nake ciniki da shi, zan kama kare kaina ne, ni kuwa ba wannan ya zaunar da ni ba. Kada ku sa rai zan warware muku komai, don ni ma har yau akwai wuraren da ban gane ba.

Kun riga kun san yadda na zo daga Funtuwa da sunan umara na maƙale, da yadda na samu aiki a wata warsha, wato gareji, a unguwar Hindawiyya ta Jidda. Kun san kakanku ne ya tsaya min ya zama kafilina na samu iƙama, wato takardar zama, daga baya kuma ya ba ni mahaifiyarku Rukayya. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda nake a gabansa. Mu a gida suruki ba abokin hira ba ne. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka kama sunansa, shi ya sa ma har a takardar nan ba za ku ga na rubuta shi ba. In ya yi magana ka ce to, in ya yi faɗa ka sunkuyar da kai, ko da gaskiyarka. Shi kuwa a Sudan aka haife shi, iyayensa sun yada zango a can a hanyar Makka, ya taso cikin Larabawa, ya shigo Jidda yana saurayi ya kama sana'ar kifi. Hausa ce a bakinsa, tsohuwa mai daɗi, amma a gidansa faranti ɗaya ake sa wa maza duka, har da surukai.

"Ilu, matso mu ci," in ji shi duk Juma'a.

"Na ƙoshi, Baba."

"Kullum kai a ƙoshe. Me yarinyar nan take ba ka ne, mu ma a sammana?"

Sai a yi dariya, ni kuma in lallaɓa bayan gida a kawo min nawa. Ban san ko yana ɗaukar abin ladabi ba ne ko ƙauyanci. Ban taɓa tambaya ba, wa zan tambaya?

A tsakar gidan nan na Ruwais akwai wata mota lulluɓe da tamfol, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Ta Hamza ce, babban ɗansa, wanda ya rasu da ciwon hanta tun kafin in san gidan. Motar Amurka ce mai ƙofa biyu, ja, doguwar hanci, injinta mai silinda takwas, irin waɗanda aka ƙera don gudu kawai. Hamza ya saye ta a hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma. Mahaifiyarku ta ce shi da kansa yake kwance injin ya mayar, kuma tun yana shawo kwanar masallaci kakanku yake gane ƙararta ya ce a zuba abinci. Shekara tara tana nan, iskar teku tana cin ta. A shekarar da aka haifi ɗanmu Mustafa idon kakanku ya fara mutuwa, sai wata Juma'a ya sa aka kira ni. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Ilu, ina so ka tada min motar Hamza. Injinta nake so, nata na asali. Komai na jikinta an taɓa canzawa, shi kaɗai ne ya rage."

"To, Baba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da baƙo ne ya kawo min mota, da sai na yi masa tambaya ashirin kafin in ɗauki sifana. Tuƙa ta za a yi ko ajiyewa? Wa zai tuƙa? Yadda take ake so ko gyara za a ƙara? Amma suruki ne, na ce to, na tashi.

Washegari Faisal ya jawo ta zuwa warsha. Lokacin saurayi ne, gashi a kumbure, Hausarsa rabi da rabi, duk tunaninsa yana bakin teku inda samari suke gwada motoci ranar Alhamis da yamma. Ya ba ni istimara, takardar motar, sannan ya jingina da bonet ya ce:

"Shuf ya Ilyas, Abuya ya ce ka yi shi ƙawi marra, mai ƙarfi sosai. Ya fi na da. Yana so mutane su ga motar Hamza ba wanda ya wuce ta."

"Haka Baba ya ce?"

"Wallahi. Yalla, ni zan kawo kaya."

Na koma gida raina bai kwanta ba. Tsoho ya ce na asali, yaro ya ce ya fi na da, kuma wai duk daga baki ɗaya. Na juya maganar na sake juyawa, na ga ai ba su yi karo ba, tunda ana iya ƙara wa inji ƙarfi yana nan shi ɗin dai. Can kuma sai in ji kamar sun yi karo. Na gaya wa mahaifiyarku tana wa Mustafa wanka.

"To ka je ka tambaye shi mana," ta ce. "Abuya ne fa, ba sarki ba."

"In je in ce masa me? In ce ban yarda da saƙon ɗansa ba?"

"Bari ni in tambaya."

"Ki tambaya ya ce mijinki ba ya iya magana sai ta bakin mace?"

Ta dube ni, ta juye ruwan. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutanen da kunya take wahalarwa kamar mutanen Najeriya ba. Na ji haushi, na hana ta tada maganar a gidansu, ita kuma ta bi. Wannan laifina ne, ba nata ba.

Aikin kansa ya yi min daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni a kan motocin Faransa na koyi sana'a, masu silinda huɗu, ban taɓa buɗe dodo irin wannan ba. Da na ɗaga kan injin na tarar ruwa ya kwanta a silinda biyu, fistin ɗinsu sun kama da tsatsa, sai da na yi sati ina jiƙa su da kananzir ina bugu a hankali da katako kafin suka saki. Na kwance komai na jera a kan buhu. A cikin kwanon baƙin mai na ga wani ƙaramin noti da aka ɗaure da waya, ɗauri irin na mai koyo amma mai tsabta, na san hannun Hamza ne, na daɗe ina kallonsa. Faisal kuwa kullum da abin da zai shigo da shi. Ya kawo kafireto mai baki huɗu. Ya kawo sabon kamshaf, sandar da take buɗe bawul, irin mai tsini wanda yake sa inji ya sha iska da yawa. Ya kawo salansa mai faɗi. Ina karɓa ina cewa a raina, wai tsoho mai shekara saba'in ne yake son wannan? Sai in tuna ya rantse. Sai kuma, in faɗi gaskiya, in ji ni ma ina so in ga abin da injin nan zai yi.

Saura abu ɗaya. Fuskar bulok, wato gangar jikin injin inda kai yake zama, tsatsa ta ɗan ci ta, kuma in aka share ta aka rage kaɗan matsin wuta yana ƙaruwa. Na ɗauke shi zuwa makharaɗa, wurin masu injin sassaƙar ƙarfe, wajen wani mu'allim, wato ogan sana'a, dattijo da muke hulɗa. Ya zagaya shi, ya shafa, ya ce:

"In share duka, har gaba?"

"Duka," na ce, har ina jin haushin tambayar.

Ku kula da wannan wurin. A motocin da na sani, lambar inji a gefe take, can ƙasa, ba ruwanta da fuska. A wannan kuwa an buga ta ne a wani ɗan lebur da ya fito gaba, daidai da fuskar bulok. Datti da tsatsa sun rufe ta, ni kuma ban neme ta ba tunda ba can nake neman lamba ba. Abin da mu'allim yake tambaya ke nan. Ya ɗauka na sani, ni na ɗauka surutu ne. Bayan kwana uku na je na ɗauko shi yana ƙyalli, na yi murna, na kai warsha na fara haɗawa. Sai da na kusa gamawa na buɗe istimara don in duba wani abu, idona ya faɗa kan lambar inji. Na ce bari in gan ta a jiki. Na duba gefen dama, na duba na hagu, na shiga ƙarƙashi da tocila, babu. Wani Bayamane da yake gyaran irinsu a layinmu ya zo ya ɗora yatsa a kan leburin nan mai santsi ya ce, nan take zama. Na zauna a kan taya. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba.

Injin dai shi ne. Ƙarfen da Hamza ya taɓa ne, ba a canza shi ba. Amma in an ce in nuna shaida, me zan nuna? Na yi kwana biyu ina saƙa da warwara. In je in gaya wa kakanku, da wane baki? Mutumin da ya ɗauke ni ba ni da takarda ya mai da ni mutum, ya ba ni 'yarsa, ya roƙe ni abu ɗaya tak. In gaya wa Faisal, kafin la'asar Ruwais ta ji. In gaya wa mahaifiyarku, ta ce ai na faɗa maka. Na koma wajen mu'allim na yi masa faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya buɗe wata durowa ya ɗauko akwatin ƙusoshin buga lamba.

"Ni ban ba ka ba," ya ce. "Ka rantse sunana ba zai fito ba."

Na rantse. Na ce wa kaina ai ba ƙarya zan yi ba, lambarsa ce zan mayar masa. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, na buɗe istimara a kan bonet na buga lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ta biyar ta karkace, ta ƙarshe ta nutse fiye da sauran. Na shafa musu baƙin mai da ƙasa don su tsufa. Ko a lokacin ban san ko gyara nake yi ko ɓarna ba.

Ranar da na tada shi, masu shagunan layin duk sai da suka fito. Ba ya tafiya sumul kamar injin gida. Saboda kamshaf ɗin nan, in yana tsaye sai ya riƙa tangaɗi yana gurnani, motar duka tana girgiza, in ka taɓa totur kuwa sai ka ji a ƙirjinka. Faisal ya ɗauke ni muka bi hanyar bakin teku, ya taka, kaina ya bugi kujera. Yana ihu yana dukan sitiyari yana cewa ni mu'allim ne na gaske. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Ya ce kafin a kai wa Abuya sai an sabunta istimara, lokacin kuma ba a daɗe da fara fahas ba, binciken da ake wa mota kafin a ba ta takarda. Na ce a raina wa zai tsaya duba lambar tsohuwar mota.

Sun duba. Mutumin ya goge wurin da tsumma, ya haska, ya ce wa Faisal wannan bugun hannu ne, ba na kamfani ba, kuma mota mai irin wannan lamba sai an bincika daga ina injinta ya fito. Aikinsa ya yi, ban taɓa riƙe shi a raina ba. Faisal ya dawo warsha fuskarsa ta canza.

"Fen injin Hamza?"

"Ga shi nan a ciki."

"Kazzab, maƙaryaci. Ni na ce ka ƙara masa ƙarfi, ban ce ka sayar ka sa wani ba."

Na buɗe baki in yi bayani, sai rantsuwar da na yi wa mu'allim ta tare ni, na tsaya ina neman inda zan fara ba tare da sunansa ba. Kafin in samo, ya ja motar ya tafi. Har yau ban sani ba ko da gaske ya yarda na sayar, ko tsoron mahaifinsa ne ya sa ya riga ni kai ƙara. Ban kuma sani ba ko kakanku ya taɓa cewa a yi shi ƙawi. Na tambayi Faisal bayan shekaru, ya ce bai tuna ba.

Bayan sallar la'asar aka aiko in zo. Na tarar da motar a tsakar gida, kakanku a kan kujerarsa ta igiya, mata sun cika ƙofar ɗaki, mahaifiyarku a cikinsu da Mustafa a kafaɗa. Na gaishe shi, na durƙusa inda na saba. Ya ce wa Faisal ya tada ta. Injin ya kama, kaji suka watse. Kakanku ya karkata kai ya ba shi kunne. Ina satar kallonsa, na ga yana jira, kamar mai jiran a gama gyaran murya a fara magana. Ya daɗe yana jira. Sannan ya ɗaga hannu aka kashe.

"Ba muryarsa ba ce," ya ce a hankali.

A nan ne na gane abin da ya nema tun farko. Ba gudu ba, ba ma tuƙi ba. Idonsa ya tafi, kunnensa ya rage masa, yana so ya sake jin ƙarar da take shawo kwanar masallaci. Da na yi masa tambaya ɗaya ranar da ya kira ni, da wanke injin kawai zan yi in sa masa zobba in mayar da komai nasa. Ni kuma na zauna wata uku ina kashe muryar da hannuna, ina jin daɗin aikina.

Ya juyo wajen da nake.

"Ilu. Faisal ya ce lambar bugun hannu ce. Kunnena ya ce ba shi ba ne. Saura kai. Injin ɗana ne wannan?"

Amsar tana bakina. Shi ne, Baba. Kalma uku. Amma in na ce shi ne, na ƙaryata kunnensa a gaban matansa da 'ya'yansa, na ƙaryata ɗansa, sannan a tambaye ni wa ya buga lambar. Kuma tun ina yaro abin da aka koya min shi ne, in babba yana tuhumarka ba ka mayar masa, kana yin shiru ne har ya huce, daga baya ka tura wani dattijo ya yi maka bayani. Wuyana da kansa ya sunkuya. Na ji mahaifiyarku daga bakin ƙofa tana cewa:

"Ka yi magana mana. Ilyas, don Allah ka yi magana."

Ban yi ba. Ina ganin ladabi nake yi. A gidan nan kuwa wanda aka tambaya ya yi shiru ya amsa laifi ke nan, kowa a tsakar gidan haka ya fahimta, ni kaɗai ne ban sani ba. Ko shi ma haka ya fahimta? Mutum ne da ya san mutanen gida, ya sha yi min dariyar kunyata. Wani lokaci ina cewa ya gane shirun, wani lokaci ina cewa da ya gane da bai faɗi abin da ya faɗa ba. Ya jira ni, ya ƙara jira, sannan ya shafa fuskarsa.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce. "Mutum yana da buƙata, ba a sani ba. Na yafe maka, Ilu, duniya da lahira. Kada wanda ya sake tada maganar nan a gabana."

Matan suka yi ta sa masa albarka. Aka mayar wa motar tamfol ɗinta.

A daren ranar na gaya wa mahaifiyarku komai ban da sunan mu'allim, ta yarda da ni, ta ce gobe za ta je. Ta je, tana buɗe baki ya ce ai ya hana. Na nemi limamin unguwa ya shiga, ya ce min, wanda aka yafe wa me kuma yake nema, ka gode wa Allah. Na yi niyyar in kwance kamshaf ɗin in mayar da tsohon, in tada masa ita ya ji da kunnensa, tunda duk kayan na asali suna nan a buhu a warsha. Faisal ya ce in na sake taɓa motar sai ya kira 'yan sanda. Na ce bari ƙura ta lafa, bayan Hajji in samu tsohon shi kaɗai in daure in faɗa. Kowace Juma'a ina zuwa da maganar a shirye. Yana karɓar gaisuwata da kyau, yana tambayar Mustafa, bai taɓa canza min fuska ba. Abu ɗaya ne ya canza: ya daina cewa in matso mu ci.

Ya rasu saura kwana tara a hau Arfa. Ina cikin waɗanda suka saka shi a kabari, ni na riƙe wajen kafaɗa. Mutane suna ta cewa, dubi halin mutumin kirki, har wanda ya cuce shi ya yafe wa. Ni kuwa ina gyara masa kwanciya ina faɗa a hankali, shi ne, Baba, wallahi shi ne. Ranar ce na fara yi masa magana ba tare da ya tambaye ni ba.